Fuskar da Lisandro Ya Zana a Bangon Masana'anta

Lanús, Afrilu 2004

Yaya Griselda,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan jikinki lafiya, da fatan kuma tsohuwar da kike jinya, Doña Amparo, ta ɗan sassauta miki. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ce dai take yadda kika sani, in ruwa zai sauko ita ke fara gaya mini kafin rediyo. Rufin kicin ya sake yoyo a wurin da aka liƙe bara, na kafa bokiti na ƙyale shi.

A kan benci nake rubuta miki, a asibitin da nake shara, kafin a kira ni, sai ki yi haƙuri da rubutun. Akwai maganar da na kasa faɗa miki ranar Lahadi a wayar gidan maƙwabciya, don Lisandro yana tsaye a bayana yana jin komai.

Ɗanki ya bar makaranta. Wani yaro a ajinsu ya ce masa uwarsa tana Sifen tana wanke kashin tsofaffi, shi kuma ya tashi ya fasa masa baki. Shugabar makarantar ta kira ni, ta ba ni kujera, ta yi mini magana mai taushi. Ta ce Lisandro ya maimaita aji sau biyu, shekararsa sha bakwai a cikin 'yan sha huɗu, zai fi masa alheri a nema masa wani wuri. Ba ta ce ta kore shi ba, amma takardarsa tana kan tebur tun kafin in shigo. Na zaga makarantun da ƙafata za ta iya kai ni, kowa ya dubi shekarunsa sai ya ce babu gurbi. Ya yi makonni ba ya komai. Ko ya wuni a kwance fuskarsa a bango, ko ya hau jirgin ƙasa ya je tashar Constitución ya dawo, ya sake komawa, ba tare da ya sauka ba.

Amma yanzu hankalina ya ɗan kwanta. Ya shiga masana'antar Baba. Kullum yana tafiya bayan abincin rana, ya dawo da yamma hannuwansa duk datti, ya ci abinci kamar wanda aka biyo, ya kwanta. Aƙalla na san inda yake.

An kira ni. Sauran bayani sai wata wasiƙar.

Ƙanwarki,
Zulema

Murcia, Mayu 2004

Zulema,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Allah ya ƙara wa gwiwarki sauƙi. Doña Amparo tana nan, jiya ta jefe ni da cokali wai na sace mata miji, mijin da ya mutu tun kafin a haifi Lisandro.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wuri na zauna. Masana'antar Baba, Zulema? Ke da bakinki kike gaya mini hankalinki ya kwanta? Ke ce kika riƙe masa roba lokacin da yake tofar da abin da gam ɗin takalma ya bar masa a ƙirji. Ni da ke muka wanke shi. Shekara talatin ya yi a wurin nan, ranar da suka rufe ko sannu ba wanda ya ce masa. Yanzu kuma an ce ma'aikata sun fasa kwaɗo sun shiga suna juya injinan da kansu, shi ne kika ɗauki ɗana kika miƙa musu.

Shekara biyar ke nan ina ɗaga matar da ta fi ni nauyi daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bayi. Yaron da Lisandro ya daka bai yi ƙarya ba, aikina ke nan. Ina yin sa ne don kada ɗana ya taɓa shaƙar warin gam. In da leburanci nake so ya yi, ai da na zauna a gida mun yi tare.

Ranar Lahadin da ta wuce na je shagon waya na buga gidan maƙwabciyarki, aka ce ba kwa nan. Wataƙila gara da aka yi haka, don abin da ke bakina a ranar ba na faɗa a gaban mutane ba ne.

Ki cire shi. In kin gaji da shi ki gaya mini, kada ki ji kunya, in rubuta wa ubansa a Salta ko da ban so ba. Kin san ba zan iya zuwa ba. Takardun zamana ba su fito ba, in na fita daga ƙasar nan ba za a bar ni in dawo ba.

Griselda

Lanús, Yuni 2004

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Sanyi ya shigo mana sosai, Lisandro ya yi mura ya warke, ni kuma ta kama ni. Ina rubutu bargo a kafaɗa.

Na karanta wasiƙarki na ajiye, na yi kwana biyu ban taɓa biro ba, don in na ba ki amsa a ranar da ba mu sake gaisawa ba. Daga baya na tuna yadda na rubuta tawa a gurguje, na ga ashe rabin zancen na aiko miki. Lisandro ba aiki yake yi ba, Yaya. Karatu yake yi. Dattin hannunsa fenti ne da gawayin zane.

Ma'aikatan da suka karɓe masana'antar suna ƙasa suna ɗinkin takalmansu. Benen sama, inda ofisoshin manya suke a da, shi suka ba wa wasu malamai suka buɗe sakandare don waɗanda sauran makarantu suka zubar. Shekara uku ce a gama. Ajin Lisandro shi ne ofishin da Baba yake tsayawa a bakinsa hularsa a hannu. Yanzu akwai allo a ciki, da kujerun da ba biyu masu kama da juna.

A ajin akwai 'yan mata masu goyo, akwai direban bas, akwai wata Doña Haydée mai shekara sittin da wani abu wadda ba ta bari a wuce darasi sai ta gane, kowa ya gaji da ita kuma kowa na son ta. Ba wanda ya isa ya ce wa Lisandro ya yi girma. Ba ƙararrawa, ba rigar makaranta. Shayin mate yana zagayawa ana lissafi. Duk ƙarshen wata ɗalibai da malamai su zauna a yi ta musu a kan wa zai share bayi da abin da za a koya, har kan mutum ya yi ciwo. Malaman ba a biyan su. Mai koyar da zane, Malam Fermín, da safe fentin gidaje yake yi, yana zuwa aji da farin fenti a gira. Shi ya ga Lisandro yana zana fuskar direban bas a bayan littafi, maimakon ya ƙwace sai ya tambaye shi me ya sa ya bar kunnen.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ma'aikatar ilimi ba ta amince da takardar shaidar makarantar ba. Malaman sun ce ana kan nema. Zai yiwu a samu kafin su gama, zai yiwu kuma a ƙi.

Sai abu na ƙarshe, kuma kada ki yi dariya. Ni ma na shiga. Da farko raka shi nake yi don in tabbatar yana hawa benen, in zauna a matakala ina jira. Rannan malamar lissafi ta leƙo ta ce matakalar da sanyi, in shigo. Kin san a aji biyu na tsaya lokacin da Mama ta kwanta. Yanzu in na tashi daga asibiti sai in wuce can da rigar aiki a jaka. Lisandro ya kafa mini doka, kada in zauna kusa da shi, kada in kira shi a gaban mutane. A bayan aji nake zama, wani lokaci barci ya sace ni.

Maganar ubansa kuwa, ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ban ce na gaji da shi ba. Gajiya dai kam na gaji, amma ba da shi ba.

Zulema

Murcia, Yuli 2004

Ƙanwata,

Na gode da bayani. Da fatan murar ta sake ki. Nan zafi ne kamar a bakin tanda, tsohuwa ba ta barci, ni ma ba na yi. Ta faɗi a bayi makon jiya, 'yarta ta zo daga Madrid ta dube ni kamar ni na ture ta, ta koma washegari.

Maganar Salta ki ɗauka ban yi ba. Amma kada ki sa ran in yi murna. Makarantar da ba ta da takarda, wurin zama ne kawai. Nan in mutum ba shi da takarda ko sunansa ba a tambaya, ni na sani. Shekara uku zai kashe yana zana kunnen direba, a ƙarshe ya fito hannu wofi.

Ke kuwa ban yi dariya ba. Ni aka bari na gama, ke aka cire. Ki yi karatunki.

Ki ce wa Lisandro ya rubuto mini ko layi biyu ne. A waya in na tambaye shi sai ya ce lafiya, lafiya, ga Inna Zule, ya miƙa miki. Muryarsa ta zama ta wani mutum da ban sani ba. Kina ganinsa a gida, yanzu kuma kina ganinsa a aji. Ni ko tsawonsa ban sani ba.

Griselda

Lanús, Satumba 2004

Yaya Griselda,

Ki gafarce ni da jinkiri. Muna lafiya. An ƙara mini sharar hawa ɗaya na bene a asibiti don wadda muke shara tare ta haihu, ga jarrabawa, in na dawo gida ƙafata ba ta shiga silifa. Na ci lissafi da ƙyar. Tarihi kuwa Lisandro ya fi ni, bai bar ni na huta da gori ba.

Na ba shi saƙonki. Ya ɗauki takarda ya zauna a teburin kicin, ya rubuta Mama, ya tsaya. Da na dawo daga shanya sai na tarar ya zana butar shayi a ƙasan sunan. Ban matsa masa ba. Tsawonsa kuwa, yana sunkuyawa in zai shiga ƙofar kicin.

Watan jiya mun je ma'aikatar ilimi, mu da wasu makarantu irin tamu. Muka ɗauki allo da kujeru a bas, muka jera su a kan titi a gaban ginin, malamar lissafi ta yi darasinta a nan motoci suna ta hon. Doña Haydée ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba a maimaita, har ɗan sandan da ke gadi ya yi dariya. Wani mai kwat ya sauko ya karɓi takardarmu ya ce za a duba. Muka kwashe kujerunmu muka dawo. Gwiwata ta yi mako tana zagina.

A taron ƙarshen wata an yanke cewa a Nuwamba za a buɗe ƙofar masana'anta ga duk unguwa, a yi wuni guda na wasanni da nune-nune, don mutane su ga abin da ake yi a sama su daina cewa matattarar 'yan iska ce. Za a yi wasan kwaikwayo, masu gangar murga, 'yan rawar titi na bayan layin dogo, za su zo, mata za su koyar da ɗinki da saƙa. Babban abin shi ne bangon waje, mai kallon titi, za a zane shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Malam Fermín ya ba Lisandro fuskoki. Ya ce duk ajin shi kaɗai ne in ya zana mutum za ka ce ka san shi.

Tun daga ranar ba ya zama. Asabar da Lahadi yana kan tsani. Sun rufe bangon da buhunan da aka ɗinke, kuma 'yan zanen sun haɗa baki ba sa faɗin abin da ke ciki. Na tambaye shi wa yake zanawa, ya ce in ji da sharata. Rabon da in ji yana fito a gidan nan har na manta, sai yanzu.

Zan nemi mai kyamara in aiko miki.

Zulema

Lanús, Nuwamba 2004

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban ji daga gare ki ba tun Yuli, sai muryarki a waya sama-sama. Da fatan ba jikin tsohuwar ba ne. Mu muna nan.

An yi bikin ranar Asabar. Tun da safe muke soya empanada, fanken nan mai nama a ciki, ni da Doña Haydée har hannuna ya daina jin zafin mai. Ma'aikata suka ture injina gefe suka kafa dandali da katakon kaya. Mutane sun zo fiye da yadda muka zata, har da waɗanda suka taɓa sa hannu a wata takardar ƙorafi a kanmu. 'Yan matan ajinmu suka yi wasa a kan layin asibiti, wadda ta fito a matsayin mai shara ta kwaikwayi tafiyata, unguwa duka ta gane, aka yi ta dariya ana nuna ni. Direban bas ya karanta waƙar da ya rubuta wa matarsa, matar ta rufe fuska da jaka. Wani tsoho da ya yi aiki tare da Baba ya zauna yana koya wa yara yadda ake yanka fata. Ya tambaye ni ke.

Da la'asar masu ganga suka fito da kowa titi, aka ja igiya buhunan suka faɗo. Bangon ya yi kyau, Yaya. Ban san yaron nan yana da wannan a hannunsa ba. Mutane suka yi ta matsowa suna nuna fuskoki suna kiran sunaye, wasu suna kuka.

Ga hoto nan na sa miki, na ɓangaren da ya fi daɗewa a kai. Mai kyamarar ya matsa kusa sosai, rubutun da ke sama bai fito ba.

Lisandro bai tsaya an gama ba, ya riga ni dawowa gida. Ya gaji ne, ina ji. Ni ma a gajiye nake, sai na huta zan rubuto da kyau.

Zulema

Murcia, Disamba 2004

Zulema,

Hoto ya iso. Lafiyata ƙalau. Tsohuwa ta kwanta asibiti a Oktoba, a kujera na yi ta kwana, shi ya sa kika ji ni shiru.

Ya iya zane, ba ƙarya. Ya fitar da ke sak, har yadda kike karkatar da kai in ana miki magana. Na nuna wa Doña Amparo ta ce wace ce, na ce ƙanwata ce, wadda take rainon ɗana. Ta ce ai kuwa ya san uwarsa. Tsohuwar da ba ta san ranar mako ba.

Ba na jin haushinki. Ke kika yi jinyarsa, ke kika zaga makarantu, ke ke zaune a bayan ajinsa. Ya yi wata biyu a kan tsani don ya sa ki a bango duk unguwa ta gani, ni kuma layi biyu sun gagare shi. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa kika aiko mini. Da kin bar ni da rashin sanina.

Kayan Kirsimeti suna hanya, akwai riga tasa. In ba ta yi masa ba ki ba wani. Ba sai kun je gidan maƙwabciya jiran waya ranar Lahadi ba, 'yar tsohuwar za ta zo, ba zan samu fita ba.

Griselda

Lanús, Janairu 2005

Yaya Griselda,

Kaya sun iso, mun gode. Rigar ta yi masa gajarta a hannu amma yana sawa. Zafi ya yi yawa, asibiti cike da yara masu gudawa. Ni dai ina tsaye.

Yanzu ki nemi wuri ki zauna, ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Ba ni ce a bangon ba. Rubutun da bai fito a hoto ba cewa yake yi, Waɗanda suka tafi. Duk fuskokin da ke wurin na 'yan unguwa ne da suka bar ƙasa neman abinci. Ɗan mai burodi da ke Italiya, 'yan mata biyun gidan kusurwa, mijin malamar lissafi. Kowane gida ya kawo hoto Lisandro ya duba ya zana. Ke ya sa a tsakiya, kuma taki ta fi ta kowa girma.

Shi bai da hoton da zai duba. Kin tuna shekarar da ruwa ya shigo gida, akwatin da ke ƙarƙashin gadon Mama ya jiƙa, hotuna suka manne da juna. Wanda ya tsira ɗaya ne, na bikin baftismarsa, kin juya baya kina gyara masa riga. Ke kuma shekara biyar katin gaisuwa mai hoton teku ko coci kike aiko mana, ba ki taɓa sa fuskarki ba. Bai tambaye ni ba don yana so ya ba mu mamaki. Da ka ya zana ki.

Da buhunan suka faɗo, matar mai burodi ta ce, "Kai, ga Zulema! Yaushe kika tafi ba mu sani ba?" Aka fashe da dariya. Wani ya ce ai jikinta ne a nan, ranta yana Sifen. Ba da mugunta suka yi ba. Ni ma na buɗe baki zan yi dariya, sai na hango shi a gindin tsani. Yana kallon bangon, ya juyo ya kalle ni, ya sake kallon bangon. Sai a lokacin ya gani. Ya ajiye burushin da ke hannunsa ya bi ta cikin masu ganga ya tafi.

Na same shi a bayan gida zaune a kan bokitin da aka kife. Na ce masa ai ni da ke muna kama, jini ɗaya ne. Ya ce in daina, ya san ba ma kama, kowa yana cewa ke kin biyo Mama ni na biyo Baba. Sai ya ce, "Inna Zule, in na rufe ido na neme ta, ke nake gani. Na zata ita ce. Wata biyu ina zana ta ina jin daɗi na tuna ta."

Na tsaya da faranti a hannu har empanadar ta huce.

Na aiko miki hoton ne don na kasa rubuta wannan, na yi zaton in kin gani za ki gane da kanki. Ban yi tunanin yadda zai zo miki ba.

Bai koma makaranta ba har aka yi hutu. Malam Fermín ya zo gida sau biyu, ya ƙi fitowa. Malaman sun ce kujerarsa tana nan in an koma a Maris, a can ba a korar mutum don ya ɓace. Amma ya ce ba zai bi ta gaban bangon nan kullum ba. Ya samo farin fenti ya ajiye a bayan ƙofa, wai zai je ya shafe fuskar. Na ɓoye burushin, amma kin san ba burushi ne zai hana shi ba.

Ni ba zan iya gyara wannan ba, Yaya. Na iya dafa masa, na iya raka shi. Wannan kam ba nawa ba ne.

Zulema

Murcia, Fabrairu 2005

Zule,

Ina gaishe ku. Tsohuwa ta dawo gida, yanzu ba ta magana sosai, sai ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ni lafiya lau.

Wasiƙarki ta yi mako uku a aljihun rigar aikina. Ba fushi nake ba. Na rasa ta inda zan fara ne. Abin da na rubuto miki a Disamba, ki yafe mini.

Ban aiko hoto ba duk shekarun nan don ban so ku ga yadda na koma. Kullum ina cewa sai na ɗan huta, sai na yi kitso, sai takardu sun fito in tsaya a bakin teku in ɗauka kamar sauran mata. Ranar Lahadi na shiga shagon mai hoto da ke kusa da tasha, da kayan da ke jikina. Ya ce in yi murmushi, na ce ya ɗauka haka nan. Da ya miƙo mini na ga Mama ce a shekarar da ta kwanta. Na kusa yaga shi. Ga shi nan dai.

An ce za a buɗe karɓar takardun irinmu, 'yar tsohuwar ta yi alkawarin sa mini hannu. Ban sa rai ba, kada ku ma ku sa. Ku da ma'aikatarku, ni da tawa.

Sauran na Lisandro ne, ki ba shi ya karanta da kansa.

Lisandro, ɗana. Ba ka yi laifi ba. Kada ka shafe fuskar nan. Wadda ke wurin ta cancanci bango, ko da an sa ta a layin da ba nata ba. In akwai sauran wuri, ko ƙarami ne, ga tawa. Ka zana abin da ka gani, kada ka gyara ni. Kuma ka koma aji a Maris, da takarda ko babu. Innarka ba za ta iya tarihi ita kaɗai ba.

Mamanka,
Griselda

Lanús, Maris 2005

Mama,

Ina gaishe ki. Ina lafiya. Inna Zule tana lafiya, sai gwiwa. Mun koma makaranta, muna aji biyu. Takardar ba ta fito ba tukuna, za mu sake kai kujeru wata mai zuwa.

Hoton ya zo. Na daɗe ina kallonsa. Ban san gashinki ya yi fari ba.

Ban shafe ba. Babu wuri a tsakiya, sai tsakanin taga da bututun ruwa, kusa da kafaɗar Inna. Malam Fermín ya ce zai isa in na matse. Na fara ranar Asabar. Ban sa buhu ba, kowa yana wucewa yana gani. Matar mai burodi ta tsaya ta ce wannan kam Griselda ce, tun ban zana baki ba.

Akwai abin da nake so in tambaye ki kafin in ci gaba. A hoton akwai tabo a goshinki, sama da girar hagu, kamar an yi ɗinki. Na tambayi Inna ta ce ba ki tafi da shi ba. Yaushe kika ji ciwon? Wa ya kai ki asibiti?

Kin ce kada in gyara ki. Zan zana shi. Amma ki gaya mini tukuna, na bar wurin ba fenti.

Ɗanki,
Lisandro